Kaset Ɗin Mama Rachel

Ranar da Saloma ta fara ganin Aaron, saura kaɗan ta kwaɗa masa jitarta a ka. Tana gwajin waƙa a cocinsu na Zuru, sai wannan da ya dawo daga Jos ya zauna kusa da ita ya hau kaɗa tasa jitar, ba kai ba gindi.

"Malam, kiɗa kake ko gyaran babur?"

"Jaz ke nan, ba a shirya shi. In kin isa ki ba ni amsa."

Ta ba shi kuwa, cikin haushi. Ya mayar, ta rama. Har 'yan kwaya suka watse suna nan suna faɗa da jita. Daga ranar ya laƙaba mata Rigimata, so kuma ya shiga, har aka fara maganar aure.

Wata Asabar suka ce bari su ɗauki kiɗansu a rakodar babanta, Saja Haggai, tsohon soja. Saloma na ɗaure wayar jitarta, Aaron ya zaro wani kaset mara rubutu. Ya ga an ɓalle masa kunne don kada a yi ɗauka a kai, shi gwani sai ya toshe ramin da salatif, suka ɗauki kiɗansu a kai. Kaico! Muryar marigayiya Rachel ce a ciki, mahaifiyar Saloma, tana waƙa da yarensu na C'lela. Kuma babu wani kwafin.

Saja ya dawo ya kunna, ya ji ƙarar wayoyin jita. Ya juyo kan Aaron.

"Ka shafe mini matata da wannan shirmen? Fita! Maganar aure kuwa, ka binne ta."

Aaron ya tura saƙo: "Rigimata, na yi wauta. Ki zage ni, amma kar ki yi mini shiru."

Amsa ta zo: "Don irinka aka ɓalle kunnen. Ka sa na sake rasa uwata. Kar ka ƙara kirana da sunan nan."

Japhet shugaban kwaya ya ga ƙofa, ya fara sintiri wurin Saloma da turarensa. Shi ma ta wanke shi tas.

Saja dai bai daddara ba, ya zauna yana bin kaset ɗin ko muryar ta ɗan rage a ƙarshe. Ko tari bai rage ba. Amma can tsakiyar hayaniyar sai ya ji jitar Saloma ta kama waƙar uwarta, ita kanta ba ta san ta yi ba. Jitar Aaron ta bar tsokana, ta bi ta a hankali.

Ya aika aka kira su.

"Ku sake kaɗa mini wurin nan."

"Baba, ba zai yiwu ba," in ji Aaron, kai a ƙasa. "Irin wannan sau ɗaya yake fitowa."

"Wato shi ma babu na biyunsa?"

"Babu, Baba."

Saja ya finciko salatif ɗin ya wurga masa a ƙirji.

"Har yanzu ina jin haushinka. Amma ka bi ta a baya ba ka danne ta ba. Gobe ka zo gonata golmo, noman neman aure, mu gani ko yatsun nan sun san fartanya."

Saloma ta harari Aaron ido jawur. "Ban huce ba fa."

"Na sani, Rigimata."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Saja ya sa musu albarka, ya miƙa wa amarya kaset ɗin, ya nuna ango da yatsa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma ko da wasa kar ka taɓa shi."