Ranar da Inna Ta Gane Ni

Likita ne ya ce mu riƙa fita da Inna shan iska. Shekara biyu ke nan da ciwon mantuwa ya kama ta. Ni ce autarta, ni ke mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki, amma ba ta kirana da komai sai "baiwar Allah". Wallahi wannan ya fi duk wahalar ci mini rai.

Ranar na rufe shagon ɗinki da wuri, na naɗe keken guragun da nake tura ta a kai na sa a mota, muka nufi babban gandun dajin shaƙatawa da ke bakin gari. Yayana ya bugo waya, wai yamma ta yi. Na ce in ya fi ni sanin lokaci ya zo ya kai ta da kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai gadi ya ɗaga mana ƙarfen ƙofa ya ce, "Hajiya, ki bi hanyar siminti kawai. In kin ji usur ki juyo, kafin duhu muke rufewa."

Muna shiga mutane suna fita, masu motsa jiki da masu yara da tabarmi a hammata. Tayar keken tana ƙara, ƙiii, ƙiii. Muka yi ta tafiya har muka zo inda siminti ya ƙare, sai 'yar siririyar hanya cikin manyan itatuwa. Na kama keken zan juya.

"Auta, tura a hankali mana. Buhu kika ɗauko?"

Muryar Inna ce. Na zagayo na durƙusa a gabanta. Idonta tar a kaina, irin kallon da take mini ina yarinya in na fasa kofi.

"Dubi yadda kika rame," ta ce. "Ina yayanki? Har yanzu bakin nan nasa bai mutu ba?"

Na fashe da dariya da kuka a haɗe. Na ja keken baya kaɗan zuwa kan siminti, sai na ga idon ya fara dusashewa. Na tura gaba, ya dawo.

Daga nesa aka busa usur. Na ji shi sarai. Na ci gaba da turawa. Duk wanda zai ce in juya, bai taɓa rasa uwarsa tana raye ba.

Muna tafe tana ba ni labarin ranar da ta haife ni. Ban san lokacin da tsuntsaye suka yi shiru ba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya koma warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Tayar ta daina ƙara, amma tana juyawa.

Hanyar hawa ce, ga keken ya yi sakayau. Na saki hannu ɗaya. Na saki na biyu. Ya ci gaba da tafiya shi kaɗai.

Busassun ganyaye suka fara motsi dama da hagu. Taku ne, na mutane da yawa, a hankali.

Na ga tsayayyu tsakanin itatuwa. Dogaye. Kawunansu sun shige cikin rassa.

"Sannunku da zuwa," aka raɗa, dab da kunnena.

Na cafke keken. Inna ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da rabon da ta yi shi an daɗe.

"Kada ki amsa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba ni suke so ba. Ni ce abin da aka sa miki a ƙugiya. Juya ni."

"Inna, in mun fita za ki manta ni."

"Na sani. Juya ni, don ubanki! Kuma ki ji: in na taɓa cewa ki dawo da ni, ba ni ba ce."

Na juya. Keken ya yi nauyi kamar an loda masa duwatsu. Na sa ƙirji na tura, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Aka riƙe mayafina ta baya. Na bar musu.

Ina gudu tana magana da sauri, kamar mai tsoron a katse ta. "Ina ganin duk abin da kike mini, Auta. Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ki mai yi miki. Allah ya..."

Taya ta hau siminti. Ƙiii.

Mai gadi na riƙe da kwaɗo muka iso. Ya dubi kaina babu mayafi, ya dubi bayana, ya yi maza ya rufe bai tambaye ni komai ba. Inna ta ɗago ta ce, "Baiwar Allah, me aka yi miki kike kuka?"

Yau wata huɗu. Duk yini ni baiwar Allah ce. Amma da zarar rana ta faɗi sai ta juyo, ido tar, murya garau.

"Auta, ɗauko makullin mota. Ba ki so mu yi hira?"

Na kai wa yayana makullin, na ce ko na roƙe shi da kuka kada ya ba ni. Jiya na roƙe shi.