Koriyar Parka a Ƙofar Alhaji Adoum

Ranar da Zailani ya shiga wani kantin tufafi a Goutte d'Or, riguna uku ne a jikinsa, kuma ba wadda ta san aikinta. Bai daɗe da zuwa Faransa daga Maraɗi ba. Karatun injiniyancin ruwa yake yi a Villeurbanne, gefen Lyon. Ya hau Paris gaida wani ɗan'uwa, sanyin Nuwamba ya tare shi a bakin tashar jirgin metro, ya kora shi cikin kantin farko da ya ga an rataye manto, rigunan sanyi.

Yarinyar da ke tsaron kantin ta tambaye shi da Faransanci abin da yake so. Ya kama kunnuwansa da hannu biyu, ya ce wa kansa, "Wayyo Allah, kunnuwana."

"Suna nan," ta ce da Hausa. "Ban ga sun faɗi ba."

Ya juyo. Hausarta ta mutanen Cadi ce, da ɗan gishirin Larabci a bakinta. Hamdiya sunanta. A La Courneuve aka haife ta, tana karatun jinya, ranar Asabar kuma tana kama wa mai kantin aiki.

Zailani ya ɗago wata baƙar manto siririya, irin ta mutanen ofis.

"Wannan ta masu mota ce," ta ce. "Kana da mota?"

"Ina da katin tram."

"To ajiye."

Ta shiga ciki ta fito da koriyar parka mai nauyi, ɗinkin sojoji, da manyan aljihuna da hular baya mai gashi. Ta sa shi ya saka.

"Ɗaga hannu. Sama, ba mai harbinka. Ka ga ta ɗage har cibiya? Ta yi maka kaɗan. Ranar Juma'a da me kake zuwa masallaci?"

"Da shadda."

"Alors ka ɗauki wadda ta fi ka, ta hau kan shadda ta sauko kusa da gwiwa. Duba nan, shafin cikin da zip yake, in sanyi ya wuce ka cire. Gashin hular na roba ne, ba a kashe kowa ba. Aljihun sama na hannu ne, in kana jiran motarka mai katin nan."

Ya dubi madubi. "Sai ka ce soja."

"Su aka fara ɗinka wa ita, sun san sanyi. Ta yi maka kyau, Kwamanda."

Maza da yawa sun sayi abin da ba su so saboda mace ta ce ya yi musu kyau. Zailani ya fi su sa'a, nasa yana da ɗumi. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "In ta yi yoyo, wa zan kai wa ƙara?" Ta ba shi lambarta, tana cewa ta kanti ce. Ba ta kanti ba ce.

Kafin ya isa Lyon saƙonsa ya shigo:

"Mai kanti, ina da ƙara. Rigarki ta hana sanyi, amma ta hana karatu. Na buɗe littafi tun daga Paris, shafi ɗaya nake."

"Kwamanda, garantinmu bai kai nan ba. Ka ci abinci?"

Daga nan Zailani ya daina zama wuri guda. In yana aji hankalinsa na Paris. In ya zo Paris idonsa na kan agogo, yana lissafin jirgin komawa. Suna yawo bakin ruwa, suna cin gasasshiyar masara a tsaye, suna musu a kan wa ya fi wani Hausa. Matasa suna zaton su ne suka ƙirƙiro soyayya, kuma ba wanda ke da zuciyar faɗa musu cewa tsohuwar cuta ce.

Akwai wani Abdul'aziz, ɗan aminin mahaifinta, mai shagon aika kuɗi. Shi yana da mota, yana da baƙar manto siririya, kuma ya riga ya san kujerar da ake zama a falon gidansu. Hamdiya ta gaya wa mahaifiyarta, Hajiya Zenaba, cewa ba shi take so ba, Zailani take so. Hajiya ta lallaɓa maigida, Alhaji Adoum, har ya ce, "Yaron ya zo in gan shi."

Sanyi na biyu ke nan. Wata Lahadi bayan azahar Zailani ya sauka a La Courneuve cikin sabuwar shadda, parka a sama. Lifta ta lalace, iska na kaɗawa a matakala, sai ya ja zip har haɓa, ya rufa hular. Ƙararrawar ƙofa ma ba ta aiki. Ya dunƙule hannu ya buga, yadda ake buga ɗakin ɗalibai.

Alhaji Adoum da kansa ya taso. Ya sa ido a ƴar kafar leƙe da ke jikin ƙofa. Bai buɗe ba.

Hamdiya tana tsaye bayansa da faranti a hannu. Ta ga mahaifinta ya ja baya, ya dafa bango, ya zauna a ƙasa cikin takalman mutane.

"Abba?"

"Ku ce ba na nan."

Ba ta taɓa jin ƙarya a bakinsa ba sai ranar. Zailani ya tsaya a waje yana jin motsin silifa, ya sake bugawa, ya yi sallama, ya jira. Da ya sauko ya ga motar Abdul'aziz a ƙasa. Abdul'aziz gidan wata gwaggonsa ya zo a bene na gaba, amma mai kishi ba ya tambaya.

Da yamma Alhaji ya ce, "Ba na ba soja ƴata."

"Abba, ɗalibi ne. Ruwa yake karantawa, famfo da rijiya."

"Ya fi muni. Soja umarni aka ba shi ya saka. Wannan da ƙafarsa ya je ya zaɓa."

Hamdiya, wadda ta zaɓi rigar, tana tsaye a gabansa, sanye da ɗankwali.

Saƙon Zailani ya zo daga cikin jirgi:

"Na ga motar. Da kin gaya mini da ban ɓata shaddata ba. Allah ya ba ku zaman lafiya."

"Wallahi ba haka ba ne, habibi. Ka ba ni lokaci."

"To mi ne ne?"

Ita ma ba ta sani ba. Ta san dai tun tana ƙarama Abba yana canza hanya in ya hango masu kaki a tashar jirgi. Ta ɗauka maganar takardu ce, kamar kowa a unguwar.

Makonni suka wuce a haka. Zailani yana hawa tram ya wuce tasharsa. Ya rubuta saƙo ya goge. Ya je gare, tashar jirgi, ya karanta allon jiragen Paris ya dawo. Ita kuma ta rame, tana sa gishiri sau biyu a miya. Hajiya Zenaba ta ɗanɗana, ta ajiye ludayi, ta tura ƙofar kicin.

"Zauna. Ubanki zai ji haushina, amma miyata nake ceto."

Ta ba ta labarin tana yanka kuɓewa, ba ta ɗago kai ba. A can gida, shekarun rikici, kafin a haifi Hamdiya, Alhaji yana zaune da ƙaninsa Saleh a gida ɗaya. Wata safiya lokacin sanyi aka buga ƙofa. Alhaji ne ya buɗe. Mutane ne da korayen riguna masu manyan aljihuna, an ja su har wuya. Suka ce tambaya kaɗan za su yi wa Saleh ya dawo. Ya fita da kofin shayi a hannu. Ba a ga kofin ba, ba a gan shi ba.

"Ba fuskarsu yake tunawa ba," Hajiya ta ce. "Rigar yake tunawa. Da hannunsa da ya zare sakata."

Wanda ya taɓa naɗe tufafin wanda ba zai dawo ba ya san riga ba ƙyalle ba ce kawai. Hamdiya ba ta taɓa ba, amma ta fahimta. Ta shiga ɗaki ta rubuta masa komai, ta ƙare da cewa:

"Ni na saka maka ita da hannuna, kuma na kasa gaya masa. Ka yafe mini. Ba zan ƙara kiranka Kwamanda ba."

Amsarsa gajera ce: "Hamdiyata, ina tahe."

Asabar ɗin da ta biyo, cikin Janairu, Alhaji Adoum na dawowa daga sallar la'asar ya tarar da wani saurayi a gindin benensu. Shadda ce kawai a jikinsa. Leɓɓansa sun yi toka, haƙoransa na haɗuwa. Ya durƙusa har ƙasa.

"B-baba, ina wuni. Ni ne Zailani."

Alhaji ya dube shi tsawon lokaci. "Wancan karon soja aka aiko mini. Yau mahaukaci. Tashi, kada ka mutu a ƙofata a ce ni ne."

Ya hau da shi. Aka zaunar da shi kusa da hita, Hajiya ta kawo shayi mai citta. Zailani ya riƙe kofin da hannu biyu, rabi yana zuba a shadda. Ya fara jawabin da ya haddace a jirgi, na asali da iyaye da niyya. Alhaji bai saurara ba. Idonsa na kan wata babbar jakar leda da yaron ya tura ƙarƙashin kujera.

"Me ke cikin jakar?"

Jarumtar Zailani daga kwanar layi ta fara. Daga Lyon har can a cikin rigar ya zo.

"Ita ce, Baba."

"Fito da ita."

Ya fito da ita. Ta kwanta a kan kafet, koriya, hannu ɗaya a miƙe. Alhaji bai taɓa ta ba.

"Duk rigunan da ke ƙasar nan, wa ya ce ka ɗauki wannan?"

"Ni na ga ta yi mini, Baba."

"Ƙarya yake, Abba." Hamdiya ce a ƙofar kicin. "Baƙar manto ya ɗauka. Ni na ce ya ajiye. Ni na zaɓo wannan, na sa ya ɗauki babba don ta hau kan shadda ranar Juma'a."

"Ke? A gidana kika tashi."

"A gidanku na tashi, Abba. Ba ku taɓa gaya mana ba. Ko sunan Baffa Saleh ban sani ba sai bana."

Alhaji ya juya ya dubi matarsa. Hajiya ta dubi butar shayi, kamar ita ce ta yi magana. Mutum na iya ɓoye abu shekara da shekaru don ya kare ƴaƴansa, ya wayi gari ƴaƴan sun sayo abin sun kawo masa har gida.

"Yaro," ya ce daga ƙarshe. "Saka ta."

"Baba, na yi niyyar bayar da ita."

"Ka bayar, wani ya saka, in gamu da shi a kasuwa? Saka. Ja zip ɗin yadda ka ja ranar. Rufa hular. Ka fita ka buga mini ƙofa."

Zailani ya dubi Hamdiya. Ta gyaɗa kai. Ya saka, ya fita, ya ja ƙofar.

Bugun ya zo. Alhaji ya miƙe ya bi ta cikin takalma. Ya sa ido a kafar leƙe ya daɗe. Hamdiya ta ga hannunsa ya tashi zuwa sakata ya sauko. Ta yi taku ɗaya, Hajiya ta riƙe mata zane. Ya sake ɗaga hannun, leɓɓansa na motsi. A waje Zailani na tsaye cikin gumi, yana kallon fentin ƙofa, ya san in aka kai wani lokaci ba a buɗe ba, sai dai ya sauka ya nufi gare.

Sakata ta yi ƙara.

Suka tsaya fuska da fuska. Alhaji ya miƙa hannu ya tura hular baya, har kunnuwan yaron suka fito. Ya duba fuskar da kyau, kamar mai duba kaya kafin ya saya.

"Sallama ake fara yi," ya ce. "Ba a dukan ƙofar mutane kamar ta zage ka. Shigo. Ka ce wa ne waliyyinka a ƙasar nan?"

Hamdiya ta koma kicin da gudu. Daga can wayar Zailani ta yi motsi a aljihun sama. Bai isa ya duba ba sai da ya sauko:

"Kunnuwanka sun yi ja. Je t'aime. Kada ka wuce tasharka."

An ɗaura auren cikin Afrilu, a masallacin unguwa, bayan sallar Juma'a. Ƴan Nijar na Lyon suka zo mota guda, suka cika falo da surutu, suka ce shinkafar ƴan Cadi ba ta ji yaji ba, suka cinye ta tas. Abdul'aziz ne ya ɗauki amarya a motarsa zuwa gare. Motar dai ta yi amfani.

A bakin jirgin Lyon, Hajiya Zenaba ta rungume ƴarta tana kuka tana lissafa mata abin da ba a sa wa miya sau biyu. Alhaji Adoum ya kama hannun Zailani, ya ɗora na Hamdiya a kai. Ba mai yawan magana ba ne, addu'arsa ma haka.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zuriya mai jin ƙai. Allah ya tsufar da ku tare, kada ya bar ɗayanku shi kaɗai da tukunya."

Aka shafa. Ango da amarya suka ce amin da sauri, ido na kan ƙofar jirgi, don ba su san girman abin da aka roƙa musu ba. Tsofaffin da suka yi rakiya su ne suka ja tasu amin ɗin.