Saƙon Famfon Gaweye

A shekarar farin nan da sojoji ke riƙe da mulki, famfo ɗaya ya hana Harouna Mijinyawa sakat. Aikinsa shi ne ɗaura ƙananan akwatuna a jikin injinan ban ruwa na bakin kogin Isa. Kowane akwati da layin waya a cikinsa, yana aiko da saƙo ofishinsu na Kalley: injin na aiki ko ya tsaya, ruwa ya kai ina.

Kogi ya janye ya bar famfon da ke gangaren Gaweye cikin yashi, an kuma yanke masa wuta tun wata biyu. Amma kullum da yamma sai saƙo ya shigo cewa injin na aiki, ruwa ya cika. Sau uku Harouna yana sauya layin, a banza. Masu lambu suka ji labari, suka fara cewa ana ɓoye musu ruwa. Shugabarsa, Madam Ramatou, ta ce in gyaran ya fi ƙarfinsa, akwai masu neman aikin.

Ya hau babur ya nufi Gaweye yana tsaki. Sojojin bakin gada suka tsare shi kan takardu, bai isa ba sai dab da magariba.

Ɗakin injin ya yi tsit. Ƙura ta rufe komai, amma wurin na warin danyen kifi da laka. Ya buɗe akwatin, ya cire batir, ya zare layin ya jefa aljihu.

Wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne daga lambar da ke aljihunsa.

Ruwa: idon sawu.

Sanyi ya kama ƙafafunsa. Ya duba, ƙasa a bushe.

Ruwa: gwiwa.

Injin ya yi tari, ya fara juyawa.

Daga cikin bututun wata murya ta yi raɗa, kamar ta tsohuwa: "Bar shi, yaro. Bari su san muna nan."

Ruwa: ƙirji.

Numfashinsa ya tsaya. Da ƙyar ya fizgo "A'uzu billahi", ya jefar da layin, ya ja jiki zuwa ƙofa kamar mai ratsa kogi. Ya faɗi kan yashi, wandonsa na ɗiga.

Washegari ya rubuta a rahoto cewa akwatin ya lalace, a cire famfon daga lissafi. Madam Ramatou ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai idonta ya sauka kan hannuwansa. Fatar ta yi fari ta yamutse, irin ta wanda ya wuni cikin ruwa.

Ta sa hannu a takardar, ba ta tambaye shi komai ba.