Motar da Ta Kulle Malam

Ƙarfe tara na safe wata tsohuwa ta shigo caji ofis. Ba ta bi layi ba. Ta kwance ƙullin da ke bakin mayafinta, ta zazzage shi a kan kanta. Fasassun gilashi ne.

"Wane ne babba a nan?"

Sufeto ya taso daga teburinsa ya ja mata kujera. "Iya, zauna ki huta."

"Ban zo hutu ba, ɗan nan. Mutum na zo ka kama mini."

A tsaye ta ba da labarin. Mijinta, Malam, tsohon direba ne, shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma sai kalma ɗaya ɗaya. Sau biyu a mako ake kai shi asibiti gashin ƙashi, a motarsa. Dogo ne ke tuƙa su, ɗan ƙaninta da ta goya tun yana maraya. Jiya da tsakar rana ta shiga karɓar kati, Dogo ya bar makulli a jikin mota ya tafi neman keken marasa lafiya. Sai mota ta kulle kanta, ƙofa huɗu, da Malam a ciki. Kusan rabin awa ana fama kafin mai gadi ya fasa gilashi.

"Ina ganin leɓensa yana bushewa, yana kallona, ba bakin magana. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa bari ya nemi ruwa sau biyu ba."

"Wa kike zargi?"

"Mai Waya, mai gyaran wutar mota. Kwana goma ke nan da ya sa mana fitila. Tun daga nan mota ta haukace. Waifa ta tashi ba ruwan sama, hon ya yi ta kuka ba wanda ya taɓa shi. Ni ban yi boko ba, amma ba a yi mini wayo sau biyu."

Sufeto ya sa aka ja motar zuwa garejin Mai Waya. Wani siririn dattijo ne, tabarau ɗaure da zare. Da ya ga tsohuwa sai ya durƙusa zai gaishe ta.

"Riƙe gaisuwarka," in ji ta.

"A gabana za ka duba ta," in ji Sufeto. "Duk abin da ka taɓa, ka faɗa mini sunansa."

Mai Waya ya auna batir, lafiya lau. Ya zare fis ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su a rana, babu wanda ya ƙone. Ya bi wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfe, ba ta yi sako-sako ba. Sannan ya jona 'yar kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallon fuskarta.

"Ƙwaƙwalwar jiki ce, ranka ya daɗe."

"Yi mini Hausa," in ji Sufeto.

"Mota ƙwaƙwalwa biyu gare ta. Ɗaya ta inji. Ɗayar ita ke ba ƙofa da gilashi da fitila da hon umarni. In ta taɓu, kowa sai ya yi abin da ya ga dama."

"Kamar gidan da ba babba," in ji tsohuwa.

Ya cire kan batir, ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ya fito da wani baƙin akwati da bai fi tafin hannu biyu ba. Sufeto ya juya shi. Haƙoran da waya ke shiga sun yi kore shar, ga layin busasshen taɓo ya zagaye shi.

"Wannan ya sha ruwa. Iya, motar nan ta taɓa shiga ambaliya?"

"Motar da ko wanki sai Malam ya leƙo ta taga ya ga yadda ake yi?"

Sufeto ya ɗaga shimfiɗar ƙasan mota ya shafa. A bushe. Ƙusoshin kujera ko ɗigon tsatsa babu. Akwati ya nutse, motar kuwa ba ta nutse ba. Ashe daga wata motar aka kawo shi.

A bayan akwatin akwai alamar gicciye da rawayan fenti. Sufeto ya kalli aljihun Mai Waya. Ga alƙalamin rawayan fenti a saƙale.

"Ka taɓa ganin akwatin nan?"

"Ai duk kamarsu ɗaya."

"Har da zanen hannunka?"

Mai Waya ya sunkuyar da kai. "Ka rufe ni in za ka rufe ni. Ba daga bakina za a ji ba."

"Ka gani ko?" in ji tsohuwa. "Sa masa ankwa."

Sufeto bai sa ba. Ya daɗe a aikin nan, bai taɓa ganin ɓarawon da ke sa wa kayan musanyarsa hannu ba. Sai ya sake tambaya. "Wanda ya canza akwati, me kuma dole ya canza?"

"Rimot. Kowane akwati ya san rimot ɗinsa, kamar yadda akuya ta san kukan ɗanta. Sai an buɗe makulli an musanya hanjinsa."

Dogo na waje a gindin bishiya tun da aka fara, bai ga abin da aka ciro ba. Sufeto ya same shi can.

"Makullin motar nan nawa ne?"

"Ɗaya ne, yallaɓai. Kullum yana hannuna ko hannun Gwaggo."

"Kai me kake yi ban da kai su asibiti?"

"Haya nake yi a tasha."

"Wace irin mota?"

"Irin wannan ce. Amma tawa lafiyarta ƙalau, ko ruwan nan da aka yi bai taɓa ta ba."

Sufeto ya rubuta a littafinsa. Shi dai bai yi wa Dogo maganar ruwa ba.

Da azahar ya raka tsohuwa gida, shi kaɗai. Ɗakin fes, ga kofin ruwa da cokali a gefen gado. Malam na kishingiɗe.

"Iya, da gaske makulli ɗaya ne?"

"Biyu ne. Ranar da likita ya hana shi tuƙi ya miƙa ɗaya, ɗayan kuwa ya cusa a rigar filo. Ni da ke gyara shimfiɗa kaɗai na sani. Ko ni ba ya bari in taɓa."

Sufeto ya cire hularsa ya durƙusa a bakin gado. "Direba, aron makulli na zo nema. Da hannuna zan dawo da shi."

Malam ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya cusa hannun da ke aiki a cikin filo, ya zaro, ya damƙa masa.

"A... hankali," in ji shi.

"Ka ji shi," in ji tsohuwa, tana goge masa gefen baki. "Ni shekara uku ina roƙo, kai daga zuwa."

Sufeto ya koma gareji tare da tsohuwa, ya danna rimot a gaban motar Malam, bayan an mayar da akwatin da batir. Ko motsi ba ta yi ba. Ya ɗebi tsohuwa da Dogo da kofur ɗaya suka nufi tasha. Motoci sun fi ashirin a layi. Ya tsaya a tsakiya ya danna. Can ta biyar a layi ta kyafta fitila sau biyu, ƙofofinta suka buɗe, ƙas.

"Ta wace ce wannan?"

Direbobi suka juya suka kalli Dogo.

Bai yi gardama ba. Ya ce motarsa ta nutse a ruwan da aka yi, ya kai wa Mai Waya, ya duba ya sa wa akwatin alama, ya ce ya mutu, a nemi sabo. Shi kuwa da ya karɓo motar Malam daga gyaran fitila, sai ya ratse wani lungu da sukundireba, ya musanya akwatunan da hanjin makullan.

"Na ce motar da ke fita sau biyu a mako, wa zai lura? Wallahi, Gwaggo, ban san za ta kulle shi ba."

"Ka ji ina zagin bawan Allah kwana goma, ka yi shiru," in ji tsohuwa.

Aka koma gareji da motocin biyu. Mai Waya ya cire kan batir, ya ciro akwatin Malam daga motar Dogo, ya hure haƙoransa, ya mayar da shi gidansa, ya ɗaure. Ya mayar wa kowane makulli hanjinsa. Ya gwada gilashi, ya gwada waifa, ya gwada ƙofa sau uku da makulli a jiki. Kowa ya koma bin umarni.

Tsohuwa ta tsaya a kansa. "Ka sani tun da safe. Me ya hana ka faɗa?"

"Ke kika goya shi, Iya. Na ga nauyin ya fi ƙarfin bakina."

"Sakarai. Da an rufe ka fa?" Ta gyara mayafi. "Gaisuwar nan da na ce ka riƙe, kawo ta."

Sufeto ne ya tuƙa motar Malam har ƙofar gida, motar 'yan sanda na biye da Dogo a ciki. Aka turo Malam bakin ƙofa a kujera. Sufeto ya sa masa makulli a hannu. Da ƙyar babban yatsa ya sami wurin. Mota ta kyafta masa ido sau biyu. Rabin fuskar Malam ya yi murmushi.

Maƙwabta suka fara ba tsohuwa baki a kan Dogo, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

"Ban yar ba," in ji ta. "Wurin magani na kai shi. Ku tafi da shi."

Sufeto ya shiga motar 'yan sanda, kofur ya tayar da ita. Tsohuwa ta ƙwanƙwasa gilashin Sufeto, ya sauke.

"Ɗan nan, ɗakin da za ku sa shi, akwai taga?"

"Akwai, Iya."

"A bar ta a buɗe. Kuma in ya nemi ruwa, kada ya nema sau biyu."