Tarun da Inuwa Ya Ƙone

Ranar da Inuwa ya fara ganin Hure, ashana ce a hannunsa, tarun mahaifinta kuma yana ci da wuta a gabansa.

Bazarar 1969 ce, a bakin Tafkin Marke, cikin gandun dajin hukuma kusa da Toranke. Inuwa sabon malamin daji ne daga Gaya. Doka ta ce duk tarun da yatsu uku ba su shiga idonsa ba a ƙone shi, don har 'ya'yan kifi yake kwashewa. Na Malam Barau, mahaifin Hure kuma Sarkin Ruwan garin, da ƙyar yatsa ɗaya ya shiga.

Hure ta sauke ƙwaryar abincin da ta kawo wa babanta. Wata huɗu ta yi tana saƙa tarun nan.

"Sannu, mai ashana," ta ce, ido a bushe. "Dubi fuskata da kyau, don sai na rama."

Ya duba. Shi ke nan, ya faɗa tarkon sonta.

Duk ranar kasuwar Gaya sai ya tsaya a gaban kaskonta ya sayi soyayyen kifi. Takan yi masa murmushi, amma da shirinta: ya turo magabatansa, ta tsinka shi a gabansu. Rannan ya bar takarda a ƙarƙashin faifanta.

"Hurena, aikina na yi, amma tun ranar tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba. Ki ba ni izini in turo manya. Naki, Inuwa."

Ta mayar masa: "Mai ashana, turo su bayan bikin kamun kifi. Ina jira."

Ta yi dariyar mugunta. Sai dai takardar tasa ta kasa jefa ta a murhu.

Malam Barau kuwa ya rantse. "Wanda ya kunyata ni a gaban masunta ba zai taka zaurena ba."

Ɗantani, wani masunci da ya daɗe yana son Hure, ya san alwashinta. Ya zo ya ari turminta, wai na innarsa ya tsage.

Saura kwana uku a buɗe tafkin don bikin kamun kifin na shekara-shekara, aka wayi gari tarwaɗa da karfasa sun taso, ciki sama. An zuba dakakken ganyen magimfa mai kashe kifi. Kafin azahar Ɗantani ya cika gari cewa malamin daji ne ya yi don ya kai kifin Kano. Aka tsare Inuwa a ƙofar dagaci, gobe sai gaban alƙali.

Ɗantani ya dawo da turmi yana washe baki. "Na rama miki, 'yar Sarkin Ruwa."

Ta leƙa ciki. An wanke, amma ga koren ganye maƙale a tsaga. Abin da ta yi wata da watanni tana fata ya samu, amma ta kasa yin murna.

Ta ɗora turmin a ka, ta ratsa taron maza har gaban dagaci, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a zuba ruwa a nan, a sa kifi mai rai."

Aka ɗebo ɗan karfasa daga randar wani masunci. Bai daɗe ba ya kife. Malam Barau ya shinshina turmin, ya ɗago ya zuba wa Ɗantani ido.

"Don ke na yi fa," in ji Ɗantani.

"Turmi na ara maka, ba fushina ba."

Dogarai suka tasa ƙeyarsa zuwa Gaya. Inuwa ya matso. "Hurena, kin yafe ke nan?"

"Wa ya gaya maka? Sai ka saƙa mini taruna da hannunka."

Wata huɗu cur ya yi a gindin tsamiyar ƙofar gidansu, zare na yanka masa yatsu, masunta na wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, Malama Inuwa." Kullum da la'asar Hure takan fito ta duba.

"Ɗaurin nan ya yi sako-sako. Warware, mai ashana."

"To, ranki ya daɗe."

Da ya gama, Malam Barau ya zura hannu a idon tarun. Yatsu uku suka shige. Ya tuna tulin 'ya'yan kifin da suka binne a bakin tafki bayan zuba magimfa.

"Yaron nan akwai taurin kai," ya ce. "Je ka turo su."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Tsohon ya dafa tarun ya ce, "Allah Ya cika muku gida kamar yadda zai sake cika tafkin nan." Jama'a suka amsa da amin.

Da aka kai amarya, Inuwa ya ɗaga mayafinta. "Yanzu dai kin rama?"

Hure ta miƙa hannu tana murmushi. "Kawo ashanar tukuna. Daga yau ni ke riƙe ta."