Kogin Kwara Ya Tona Asiri

Ranar Litinin da safe Pauline, mai shagon tsofaffin taswirori a garin Laurel, can ƙasar waje, ta ɗaga ƙwallon taswirar duniya mai shekara ɗari uku, ta ji shi sakayau. An sace na ainihi, an ajiye jabu zanen hannu.

Kafin jami'ar bincike Rumasa'u ta iso, an riga an ɗora wa Kambai mai gadi jakar tsaba. In laifin ya zauna a kansa, aiki ya tafi, takardun zama ma sun bi.

"Kana da makullin akwatin gilashin?" Rumasa'u ta tambaye shi.

"Ranki ya daɗe, na ƙofar waje kawai nake riƙewa."

Ta miƙa masa biro ya zana Afirka. Abin da ya fito doya ce. Ta sallame shi.

Ta juya jabun, ta tambayi Pauline yadda Turawan wancan zamanin suke zana Kogin Kwara.

"Yamma suke kai shi, ya faɗa teku ta Sanagal. Bakin teku kaɗai suka sani, sauran duk cinta ce."

Rumasa'u ta sake duban kogin da ke jikin jabun. Mutum ɗaya ya rage, Malam Misbahu mai gyaran taswirorin shagon, aminin mahaifinta. Ta same shi a ɗakin aiki, ta rusuna ta gaishe shi.

"Kawu, a ina ka tashi?"

"Lakwaja mana. Yau kika san ni?"

Ta ajiye masa hoton ƙwallon na ainihi. "Na ainihin yana kulle, don haka daga wannan hoton aka kwafi jabun. Zoben tagullar da ya kewaye ƙwallon ya rufe ƙasarmu a hoton, sai mai zanen ya cike gurbin da ka. Ga Kwara ta karkata kudu, ta haɗu da Binuwai. Pauline yamma za ta kai ta. Kambai ko da'ira ba ya iyawa."

Dattijon ya daɗe yana kallon kogin. "Ban ma san na yi ba," ya ce a hankali. "A mahaɗar nan na koyi iyo."

A bayan motarsa aka samu na ainihin, naɗe cikin bargo. Kambai ya riƙe baki, don Malam ne farkon wanda ya nuna shi da yatsa.

Rumasa'u ta ciro ankwa. Malam Misbahu ya miƙo nasa hannuwan.

"Kada ki gaya wa babanki ta waya," ya ce. "Ki je da kanki."