Amsa-amo Mai Karkata

A ajin adabin Amurka Leland ya fara ganin Maribel, a wata ƙaramar kwaleji a jihar Vermont ta Amurka. Shi ɗalibin aikin gona ne, dole ce ta kawo shi ajin. Malama na karanta wata tsohuwar waƙa, budurwar da ke gefensa tana ƙwanƙwasa tebur da yatsa.

"Ni kike kira?" ya raɗa mata.

"Karin waƙar nake bi, malam. Sauka, hawa, sauka, hawa. Ba ka ji?"

Bai ji komai ba sai bugun ƙirjinsa.

Daga ranar, kullum bayan aji sai su zauna shan kofi, tana nuna masa yadda mawaƙa ke jera kalmomi masu farawa da harafi iri ɗaya har harshe ya harɗe, da yadda suke sa iska ta yi magana kamar mutum. Ya gyaɗa kai, ya tafi a ruɗe. In mawaƙi mutuwa yake nufi, me ya kai shi zancen fitila?

Ga kuma Curtis, ɗan ajinsu mai gashi har kafaɗa, da ke rubuto mata baitoci masu daɗin kunne.

Ranar bikin godiya da Amurkawa ke yi duk shekara, Maribel ta kai Leland gidansu. Mahaifinta, Mista Renfrew, tsohon malamin adabi ne. Ana tsakar cin talotalo ya miƙo masa littafi.

"Karanta mana baiti ɗaya, yaro."

Leland ya karanta kamar mai karanta takardar maganin shanu. Tsohon ya karɓe littafinsa.

"Wanda bai jin kari, ina zai ji matarsa? Maribel, ina Curtis kwana biyu?"

Washegari saƙon Maribel ya shigo, da sunan da take tsokanarsa da shi: "Dankalina, rabu da Baba. Ni da kai amsa-amo ne mai karkata."

Ya karanta, ya sake karantawa. Malama ta taɓa ce musu amsa-amo mai karkata shi ne kalmomi biyu su kusa dacewa amma ba su dace ba. Ashe sallamarsa ta yi cikin ladabi! Ya rubuta mata: "Na gane. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da Curtis."

Ya kashe waya ya tafi gonar iyayensa. Maribel ta biyo shi, a garken shanu ta same shi, takalmanta duk caɓi.

"Wane Curtis? Mutumin da tun bai buɗe baki ba na san ƙarshen baitinsa?"

"Ke kika ce ba mu dace ba."

"Cewa na yi ba iri ɗaya muke ba, amma kunne na son jin mu tare! Shi ne amsa-amon da na fi so a duniya."

"To me ya hana ki ce kina sona?"

"Ina sonka, dankalin banza!"

Wannan kam ya gane shi sarai.

Mahaifiyarta ce ta karya lagon Mista Renfrew. "Shekara da shekaru kana rera mini waƙa, famfon kicin na yoyo. Ranar da yaron nan ya zo ya gyara shi. Bar mini surukina."

Da bazara aka ɗaura aure a cocin garinsu. Mista Renfrew ya miƙe da waƙar da ya tsara, doguwa, cike da tsuntsaye da koguna. Leland ya sunkuya kusa da kunnen amarya.

"Zagina yake ko ya yarda?"

Ta matse hannunsa, idonta cike da hawaye. "Albarka yake sa mana."

Leland ya ce amin da ƙarfi, jama'a suka amsa cikin dariya.